BABI NA BIYU: SHARHI A KAN RA'IN GORDON CHILDE GAME DA ASALIN NOMA DA ZAMAN GARI

2.0 GABATARWA

Duk wanda ya tashi yin magana a kan yadda ɗan Adam ya bar yawon farauta da tsintar 'ya'yan itace ya koma noma da zaman wuri ɗaya, da wuya ya kauce wa sunan Vere Gordon Childe. Shi ne ya yayata sunan da ya bi wannan sauyi har yau, wato juyin juya halin Sabon Zamanin Dutse, kuma bayaninsa ne masana da dama suka ɗora nasu a kai, ko dai don su goyi bayansa ko don su soke shi. Saboda haka a wannan babi an yi sharhi a kan ra'in nasa. An fara da taƙaitaccen bayanin ra'in, sannan aka auna shi da abubuwan da masana tonon kufai suka gano a Gabas ta Tsakiya da Meziko da Afirka. Matsayin da babin ya ɗauka shi ne, Childe ya yi daidai wajen gane girman al'amarin, amma ya ɗaure abubuwa huɗu a dami guda, wato shuka da kiwo da ginin tukwane da zaman gari, alhali kuwa kowannensu da lokacin da ya bayyana, kuma jerin bayyanarsu ya bambanta daga wannan yanki zuwa wancan. Shekarun da aka ambata na zamanin da, duk ƙiyasi ne da aka samu ta hanyar awon kabon, kuma an lissafa su ne daga yau zuwa baya.

2.1 CHILDE DA RA'INSA

An haifi Childe a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 1892, ya kuma rasu a 1957. Ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Edinburgh daga 1927 zuwa 1946, daga nan ya koma Landan ya shugabanci cibiyar nazarin kufai ta jami'ar birnin. Littattafansa da suka shafi wannan batu sun haɗa da The Most Ancient East na 1928, da Man Makes Himself na 1936, da What Happened in History na 1942. Ana iya taƙaita abin da ya zo da shi a cikinsu kamar haka:

i. Babban sauyi na farko a tarihin tattalin arzikin ɗan Adam shi ne lokacin da ya daina dogara da abin da daji ya ba shi, ya fara samar da abincinsa da kansa.

ii. Dalilin sauyin shi ne fari. A ganinsa, bayan ƙarewar Zamanin Ƙanƙara ruwan sama ya janye daga Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, sai mutane da dabbobi suka tattaru a bakin koguna da dausayi. Wanda ya riga ya fara shuka yana da karan gona da zai bar wa dabbobin da yunwa ta kora, da haka suka saba da shi har suka zama na gida. Wannan shi ake kira ra'in dausayi, kuma Raphael Pumpelly ya riga shi kawo shi tun 1908, amma Childe ne ya faɗaɗa shi.

iii. Tare da noma da kiwo ne sana'o'in ginin tukwane da saƙa da gatarin dutse mai santsi suka bunƙasa, sannan daga Gabas ta Tsakiya wannan sabuwar rayuwa ta bazu zuwa Turai.

iv. Ma'aunin da ke nuna cewa ci gaba ne aka samu shi ne ƙaruwar yawan jama'a, kamar yadda jama'ar Ingila ta ƙaru bayan bunƙasar masana'antu.

Adalci ne a faɗi abubuwa biyu kafin a shiga suka. Na farko, Childe ya yi waɗannan rubuce-rubuce ne kafin Willard Libby ya ƙirƙiro awon kabon a ƙarshen shekarun 1940, don haka ba shi da tabbatacciyar hanyar sanin wanne ya riga wanne. Na biyu, shi da kansa ya yi kashedi a littafinsa na 1936 cewa kada a ɗauki fara shuka daidai da fara zaman wuri ɗaya, har ya kawo misalin masuntan gaɓar tekun yammacin Kanada da ke da ƙauyuka na dindindin ba tare da noma ba. Matsalar ita ce wannan kashedi ya tsaya a gefe, bai shiga cikin ginin ra'in ba, kuma waɗanda suka yaɗa ra'in daga baya sun ɗauki gangar jikin sun bar kashedin.

2.2 RAUNIN DALILIN FARI

Wanda ya fara gwada ra'in dausayi a fili shi ne Robert Braidwood na Jami'ar Chicago, wanda ya yi tono a ƙauyen Jarmo da ke arewa maso gabashin Iraƙi tsakanin 1948 da 1955. Ya tafi da masana tsirrai da dabbobi da duwatsu, abin da ba a saba yi ba a lokacin. Hujjarsa mai sauƙi ce. Kakannin alkama da sha'ir da akuya da tunkiya na daji, a gindin duwatsu masu samun ruwan sama suke rayuwa, saboda haka a can ya kamata a nemi farkon noma, ba a tsakiyar hamada ba. Ya kuma yi tambayar da ra'in dausayi ya kasa amsawa: an sha yin sauyin yanayi irin wannan a zamunan da suka gabata, me ya hana noma ya bayyana a lokacin?

Binciken da ya biyo baya ya ƙara dagula lissafin Childe. Nazarin ƙurar furen tsirrai da ta taru a ƙasan tafkuna, irin wanda Herbert Wright ya yi a tafkin Zeribar na Iran a shekarun 1960, ya nuna cewa a Zamanin Ƙanƙara ne yankin ya fi sanyi da bushewa, bayan ƙarewarsa kuwa ɗumi da danshi suka ƙaru. Haka abin yake a Sahara. Daga kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,500 da suka wuce, Sahara ƙasar ciyawa da tafkuna ce. Tafkin Chadi na wancan zamani ya haura murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun yashin da ya ratsa ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Ke nan a daidai lokacin da Childe ya zaci ƙasa na bushewa, jiƙewa take yi.

Wannan ba ya nufin yanayi ba shi da hannu a lamarin. Tsakanin shekaru 12,900 da 11,700 da suka wuce an yi wani komawar sanyi da fari na ɗan lokaci, kuma bayan wucewarsa ne shaidar shuka ta yawaita a Gabas ta Tsakiya. Richerson da Boyd da Bettinger sun kawo hujja a 2001 cewa yanayin Zamanin Ƙanƙara ya cika sauye-sauye na gaggawa, yadda manomi ba zai iya dogara da damina ba, sai da yanayi ya daidaita noma ya yiwu. Idan aka karɓi wannan, to Childe ya yi daidai da ya dubi sama, sai dai abin da ya buɗe wa noma ƙofa shi ne daidaituwar damina, wato kishiyar abin da ya faɗa.

2.3 ZAMA KAFIN SHUKA, SHUKA KAFIN ZAMA

Suka mafi ƙarfi a kan ra'in ta fito ne daga ƙasashen Falasɗinu da Jodan da Siriya. Tun 1928 Dorothy Garrod ta gano wata al'umma a kogon Shukba da ke kwarin Natuf, wadda aka sa wa suna al'ummar Natuf. Sun rayu tsakanin kimanin shekaru 15,000 da 11,500 da suka wuce. A Ain Mallaha, inda Jean Perrot ya fara tono a 1955, an samu zagayayyun ɗakuna masu harsashin dutse, da manyan turame na dutse waɗanda ba a iya yawo da su, da haƙoran lauje na ƙanƙara, da kaburbura a cikin gari. An kuma samu ƙasusuwan ɓeran gida, dabbar da ba ta yawaita sai inda mutane suka daɗe da zama suna ajiye hatsi. Amma duk hatsin da waɗannan mutane suka girba na daji ne, naman da suka fi ci kuma na barewa ne. Wato sun zauna, amma ba su zama manoma ba tukuna.

Yadda hakan ya yiwu ya fito fili a gwajin da Jack Harlan ya yi a 1966 a gindin dutsen Karacadag na ƙasar Turkiyya. Ya yi amfani da laujen ƙanƙara ya girbi alkamar daji, ya samu kimanin kilo ɗaya na tsabar hatsi a cikin awa guda. Daga nan ya ƙiyasta cewa iyali ɗaya na iya tara abin da ya fi cimarsu ta shekara a cikin mako uku. Wanda ya tara irin wannan hatsi dole ya nemi wurin ajiya, wanda ya yi rumbu kuwa dole ya zauna ya tsare shi. A Dhra da ke Jodan an tono rumbuna masu daɓen da aka ɗaga sama don gudun danshi da ɓeraye, waɗanda suka kai kimanin shekaru 11,300, kuma hatsin da ake zubawa a ciki bai riga ya zama na gida ba. Ke nan rumbu ya girmi hatsin gida.

Haka kuma tukunya ba ta zo tare da noma ba a wannan yanki. Tonon da Kathleen Kenyon ta yi a Yariko daga 1952 zuwa 1958 ya bayyana gari mai ganuwa da hasumiyar dutse mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai kimanin shekaru 10,000, amma babu ko tsingaro ɗaya a cikinsa. Sai bayan dubban shekaru tukwane suka bayyana. A Gobekli Tepe kuwa, inda Klaus Schmidt ya fara tono a 1995, an samu ginshiƙan dutse da aka sassaƙa, wasu sun haura mita 5, waɗanda aka kafa kimanin shekaru 11,500 da suka wuce, alhali ƙasusuwan dabbobi da ragowar hatsin da ke wurin na daji ne. Childe ya ɗauka sai an samu rarar abinci daga noma ake iya haɗa jama'a a yi babban aiki. Wannan wuri ya nuna mafarauta ma sun iya.

A Meziko kuma jerin ya juye. A kogon Guila Naquitz, wanda Kent Flannery ya tona a 1966, an samu 'ya'yan kabewar gida masu kimanin shekaru 10,000, masara kuma ta samo asali ne a kwarin Balsas kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Amma ƙauyuka na dindindin ba su yawaita a can ba sai wajen shekaru 4,000 zuwa 3,500 da suka wuce. Dubban shekaru mutane suna shuka ɗan abin da za su shuka, su ci gaba da yawonsu, su dawo lokacin girbi. Saboda haka a wani wuri zama ya riga shuka, a wani wurin shuka ta riga zama, kuma babu ra'in da ya ɗaure su tare da zai iya bayyana duka biyun.

2.4 JUYI NE KO TAFIYAR HAWAINIYA?

Kalmar juyin juya hali tana sa mai karatu ya zaci abu ne da ya faru a cikin ɗan lokaci, da saninsu da niyyarsu. Domin a auna wannan, sai an fahimci abin da ya raba hatsin gida da na daji. Hatsin daji idan ya nuna yakan zubar da tsabarsa da kansa, domin ta haka yake yaɗuwa. Na gida kuwa tsabar tana nan maƙale a zangarniya har sai an sussuka. Manomin gero a ƙasar Hausa ya san wannan bambanci ba tare da an karanta masa ba, domin shibra da ke fitowa a gonarsa tana kakkaɓe tsabarta tun kafin girbi, shi ya sa ba a sonta. Idan mutum yana yanke zangarniya da lauje, yana kuma ajiye iri daga abin da ya yanka, to a kowace shekara yana fifita tsiron da bai zubar ba, ko da bai yi nufin haka ba. A hankali irin da ba ya zubarwa ya rinjayi gonar, daga nan kuma tsiron ba ya iya yaɗuwa sai da hannun mutum.

A 1990 Hillman da Davies sun lissafa cewa wannan sauyi na iya kammaluwa a cikin shekaru 20 zuwa 200 idan sharuɗɗa sun cika. Amma da Tanno da Willcox a 2006, da kuma Dorian Fuller a 2007, suka ƙirga ƙonannun ragowar zangarniya daga kufai daban-daban, sai suka tarar ya ɗauki shekaru 2,000 ko fiye kafin irin gida ya rinjayi na daji. Idan aka koma baya kuma, a Ohalo da ke bakin tafkin Galili mutane suna niƙa sha'ir na daji tun shekaru 23,000 da suka wuce, a Shubayqa ta Jodan kuma an samu ƙonannen gutsuren gurasa mai shekaru 14,400. Tsakanin fara cin hatsi da fara dogara da gona akwai fiye da shekaru 10,000. Babu wani tsara da ya ga farkon abin ya kuma ga ƙarshensa. Gaskiya ne Childe ya amince cewa juyin nasa ƙarshen doguwar tafiya ne, amma idan tafiyar ta kai wannan tsawo, to sunan ya fi dacewa da sakamakon, bai dace da yadda abin ya gudana ba.

2.5 SHAIDAR AFIRKA: KIWO KAFIN SHUKA

A ra'in dausayi, mai shuka ne ya jawo dabba da karan gonarsa, wato shuka ce uwa, kiwo ɗanta. Afirka ta ƙaryata wannan jeri. Abin da ya fara bayyana a nan tukunya ce. A Ounjougou ta ƙasar Mali an samu tsingaro mai kimanin shekaru 11,400, wanda ya girmi tukwanen Gabas ta Tsakiya da nisa, kuma masu shi ba manoma ba ne. A Gobero da ke hamadar Tenere ta Nijar, wurin da ayarin Paul Sereno ya gano a 2000, an samu maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tsohon tafki, kuma mutanen farko da suka zauna a wurin, tsakanin shekaru 9,700 da 8,200 da suka wuce, masunta ne da mafarauta masu tukwane. Kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000. Duk waɗannan suna nuna mutanen da ruwa ya zaunar da su, ba gona ba.

Bayan tukunya sai dabba. Shanu da awaki da tumaki sun bazu a Sahara daga kimanin shekaru 8,000 zuwa 7,000 da suka wuce. Awaki da tumaki daga Asiya suka shigo, domin ba su da kakanni na daji a Afirka. Zanen garken shanu ya cika duwatsun Tassili na Aljeriya, a Takarkori ta Libiya kuma an gano maiƙon madara a jikin tsingaro mai kimanin shekaru 7,000. Hatsin gida na Afirka kuwa bai bayyana ba sai daga baya ƙwarai. Dawar gida ta bayyana a yankin Kassala na Sudan wajen shekaru 5,000 da suka wuce. Geron gida an same shi a kwarin Tilemsi na Mali, inda Katie Manning da abokan aikinta suka bayar da rahoto a 2011 cewa ya kai shekaru 4,500. An gane shi ne ta hanyar shatin ƙaiƙayin da magina suka cuɗa da yumɓu. A Gajiganna ta Jihar Borno, inda Peter Breunig ya jagoranci aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri daga farkon shekarun 1990, mutane sun zauna da shanunsu da awakinsu tun kimanin shekaru 3,800 da suka wuce suna tara hatsin daji, geron gida bai shiga tukwanensu ba sai bayan ƙarnuka da dama.

Fiona Marshall da Elisabeth Hildebrand sun bayyana dalilin wannan jeri a 2002. A ƙasar da damina ba ta da tabbas, garke ya fi gona aminci, domin ana iya kora shi zuwa inda aka yi ruwa, gona kuwa tana nan inda aka bar ta. Bugu da ƙari, makiyayi mai yawo da ke kaɗe tsabar ciyawa a cikin kwando ko ya share ta daga ƙasa, kamar yadda ake yi wa ƙarangiya a shekarun yunwa, ba ya fifita irin da ba ya zubarwa, don haka hatsin ya daɗe yana na daji. Abin lura a nan shi ne, lokacin da gero ya zama na gida ya zo kusa da lokacin da Sahara ta fara bushewa da gaske, makiyaya suka gangaro kudu suna bin ruwa. Wato idan akwai inda fari ya taka rawar da Childe ya ba shi, to a nan ne, sai dai bayan dubban shekaru daga lokacin da ya ambata, kuma makiyaya ne suka zama manoma, ba manoma suka zama makiyaya ba.

2.6 BATUN CI GABA

Childe ya auna nasarar noma da yawan jama'a, kuma ta fuskar adadi bincike ya gaskata shi. Jean-Pierre Bocquet-Appel ya nazarci maƙabartu masu yawa ya nuna cewa haihuwa ta ƙaru sosai bayan fara noma. Dalilin a bayyane yake. Matar da ke yawo da goyo ba ta iya ɗaukar yara biyu, shi ya sa tazarar haihuwa a tsakanin mafarautan Kalahari takan kai kusan shekara huɗu, wadda ke zaune kuwa tana da kunun da za ta yaye yaro da wuri.

Sai dai yawan kai daban, lafiyar jiki daban. Littafin da Mark Cohen da George Armelagos suka tace a 1984 ya tattara nazarin ƙasusuwa daga sassan duniya, kuma a mafi yawan wuraren manoman farko sun fi magabatansu ruɓewar haƙori da alamun ƙarancin abinci mai gina jiki da cututtuka masu yaɗuwa. Theya Molleson ta nazarci ƙasusuwan Abu Hureyra ta Siriya, ta tarar da lahani a yatsun ƙafa da gwiwoyi da ƙashin bayan mata, sakamakon daɗewa a durƙushe kan dutsen niƙa. Richard Lee kuma ya ƙiyasta a shekarun 1960 cewa mafarautan Dobe na Botswana suna kashe awa 12 zuwa 19 ne kawai a mako wajen neman abinci. An soki wannan lissafi da cewa bai haɗa da lokacin sarrafa abincin da gyaran makamai ba, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka ya isa ya rushe zaton cewa mafarauci kullum a bakin mutuwa yake, yana jiran noma ya cece shi. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, noma ya yi rinjaye ne domin yana ciyar da mutane da yawa a ƙaramin fili, kuma da zarar jama'a ta ƙaru, komawa farauta ba ta yiwuwa. An shiga ne a hankali, aka waiga aka tarar ƙofa ta rufe.

2.7 INDA CHILDE YA YI DAIDAI

Sharhi ba ya cika idan ya tsaya a kan aibu kaɗai. Kafin Childe, ana raba zamunan da ne bisa siffar makaman dutse. Shi ne ya mayar da hankalin masana kan tambayar yadda mutane ke samun abinci, kuma duk waɗanda suka soke shi, daga Braidwood har zuwa Marshall, a kan wannan tambaya tasa suka yi aiki. Na biyu, maganarsa cewa noman Turai daga Gabas ya zo, wadda wasu suka yi shakka a kanta daga baya, ta samu goyon baya mai ƙarfi. Nazarin ƙwayoyin gado daga tsofaffin ƙasusuwa da aka buga a 2015 da 2016 ya nuna cewa manoman farko na Turai zuriyar mutanen Anatoliya ne da suka yi ƙaura da irinsu da dabbobinsu. A Turai kam, shuka da kiwo da tukunya da ƙauye sun iso tare a dami guda, kamar yadda ya siffanta. Kuskurensa shi ne ya ɗauki siffar da abin ya iso da ita Turai a matsayin siffar da aka haife shi da ita. Childe masanin tarihin Turai ne tun asali, kuma daga tagar Turai ya leƙa sauran duniya. Daga wannan taga ba a hango shinkafa da geron Sin, ko masarar Meziko, ko gwaza da ayabar Kuk ta Sabuwar Gini, ko geron Sahel, waɗanda kowannensu ya zama na gida a wurinsa ba tare da koyi da Gabas ta Tsakiya ba.

2.8 NAƊEWA

A wannan babi an ga cewa dalilin fari da Childe ya kawo bai dace da tarihin yanayin Gabas ta Tsakiya ba, an kuma ga cewa zama ya riga shuka a Falasɗinu, shuka ta riga zama a Meziko, tukunya da kiwo sun riga hatsin gida a Sahara da Sahel. An ga sauyin ya ɗauki dubban shekaru, kuma an biya shi da lafiyar jiki. Abin da ya tsira daga ra'in shi ne muhimmancin samar da abinci, da ƙaruwar jama'a, da asalin noman Turai. Wannan sakamako yana da nauyi fiye da gyaran shekaru a littafi. Matuƙar ana kallon tarihi a matsayin tsani mai hawa ɗaya, inda yawo ke ƙasa zama ke sama, to za a riƙa ɗaukar makiyayi mai yawo a matsayin wanda aka bari a baya. Shaidar Sahara ta nuna cewa kiwon yawo dabara ce cikakkiya da aka yi wa ƙasa mai ƙarancin tabbacin ruwa, kuma daga cikin masu wannan dabara ne waɗanda suka fara noman gero suka fito. A babi na gaba za a dubi yadda gero ya bazu daga yammacin Sahel zuwa yankin tafkin Chadi, da irin garuruwan da suka kafu a kansa.